Ba Ku Ne Za Ku Yafe wa Mushe Saini Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin nan ina cikin taksi kan hanyar biro, ofishinmu, sai wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyar su Saini ce. Ta ce, "Hajiya, Mushe Saini ya rasu." Na ce wane Sainin? Kamar na san Saini goma masu koyar da ordinater, wato kwamfuta, a Harobanda, tsallaken kogin Yamai.

Ban isa biro ba. Na ce wa mai taksi ya juya, mu haye gada.

Jiya ya koyar da ajinsa har ƙarshe. Ya koma gida ya ce kansa na sarawa. Hawan jini ne. Kafin gari ya waye sosai rai ya yi halinsa. An yi masa sutura bayan azahar, yanzun nan na dawo daga gidansa a Kirkissoye, ko lulluɓina ban cire ba.

Ta'aziyya na zo yi, kuma zan yi. Amma in na ce muku da sanyin zuciya nake wannan rubutu, na yi ƙarya. An faɗi wata magana a gidan nan yau wadda ba za ta kwana a cikina ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba. Saini injiniya ne, Mushe kuwa lakabi ne, malam ke nan a Faransancin bakinmu. Mun yi shekaru muna aiki tare a wata cibiya a Koira Kano inda ake adana tsofaffin muryoyi: hira da dattawa, tatsuniyoyi, waƙoƙin daka da na noma, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Ni nake saurara in rubuta in fassara. Shi yake juye kasa-kaset zuwa na'ura, ya ajiye su cikin babban injin da muke kira serber. Injin nan yana da ɗakinsa shi kaɗai, kuma kilim ɗin da ke sanyaya ɗakin ne kawai bai taɓa mutuwa ba a duk gidan. Saini yakan ce, "A nan inji ne direkta, mu duk ƴan rakiya ne."

Kada kowa ya zo ya ce muku mai sanyin hali ne. Ba shi da shi. Mutum ne mai gardama, mai ji da iliminsa, wanda zai tsayar da renyo, taron ma'aikata, a kan kalma ɗaya. Shi Bazabarme, ni Bagobira, abokan wasa ke nan, saboda haka tun ranar farko ba mu raga wa juna ba. Bai taɓa kirana da sunana ba sai in yana neman alfarma.

Gardamarmu ta farko a kan baƙin allon nan ne da masu aikinsa suke buga rubutu a ciki. Na ji ana cewa shel, na ji ana cewa terminal, na ɗauka duk sunan abu ɗaya ne. Na zo wucewa ta bayansa na ce, "Kullum kai da wannan shel naka mai baƙin fuska."

Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Bagobira, duk littattafan nan da kika cinye, ashe ba su koya miki bambancin taga da mutum ba?"

Na ce ya yi mini bayani ko ya rufe mini baki.

Ya ce, "Kin taɓa zuwa gishe, tagar ma'aikata, ki miƙa takarda? Tagar ce ke buga tambari?"

Na ce a'a.

"To wannan baƙin abin da kike gani taga ce. Ita ce terminal. Abin da kika buga ta miƙa shi ciki, amsar da aka bayar ta nuna miki. Ko alif ba ta ganewa. Shel shi ne ma'aikacin da ke zaune a bayan tagar. Shi ke karanta umarni, ya gane abin da ake nufi, ya tayar da wanda zai yi aikin. Ana iya canza taga, ma'aikaci yana nan. Ana iya canza ma'aikaci, taga tana nan."

Na ce to ai duk cikin injinka suke.

"Nan ne mutane ke faɗawa rami. Taga tana kan teburina. Ma'aikacin da nake magana da shi yanzu yana can cikin serber, a ɗakin kilim. Da zan so, da yana wata ƙasa ma. Kafin ki buga komai a taga, ki fara sanin wa ke bayanta."

Sai ya ƙara da abin da har yau nake jin sa da muryarsa: "Bambancinsa da ma'aikatanmu ɗaya ne. Ba ya cewa ki dawo gobe. Ba ya tambaya ke ƴar wa ce. Ba ya ganin fuska. Abin da aka ce ya yi zai yi, ko da gidan ne zai ƙone."

Na ce ashe dai akwai ma'aikaci ɗaya a Yamai da ba ya zuwa suna ranar aiki. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Maraɗi, na rasa yadda zan yi, ga jinya ga aiki. Saini ya karɓi ordinater ɗina ya yi ƴan danne-danne ya miƙo mini. Ya ce, "Je ki. Tagarki na Maraɗi, ma'aikacinki na Yamai." Haka na yi ta aiki daga bakin gadon tsohuwa har Allah ya karɓi abinsa. Kullum da safe sai ya kira, wai ya ji ko rezo, layin intanet, na ja. Ƙarya yake. Jikin tsohuwa yake tambaya, girman kai ne ba ya bari ya faɗa.

Lokacin da rubutun kammala karatun ƴata ya ɓace daga kile ɗinta, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa inji, shi ya tono shi. Ladan da ya nema shi ne in amsa a gaban mutane cewa Zabarmawa sun fi Gobirawa kai. Ban amsa ba. Ya ce zai jira.

Yanzu ga maganar.

Kun san kuran, wutar lantarkin garin nan, musamman da zafi. A yadda aka saba, in ka rufe taga ma'aikacin ma yakan tashi, aikin da ke hannunsa ya tsaya. Ga mu kuma da juye-juyen da ke ɗaukar wuni guda. Da kuran ya ɗauke sai a koma farko. Saini ya gaji da wannan. Ya shirya abin ta yadda shel ɗin da ke cikin serber zai ci gaba da aikinsa ko an rufe taga, ko injin teburinsa ya mutu, tunda serber yana da batir. In wuta ta dawo sai ya buɗe sabuwar taga ya tarar da ma'aikacinsa inda ya bar shi. Yana alfahari da wannan dabara, kuma ya cancanta. Ta cece mu ba sau ɗaya ba.

Saboda haka ne ba ya tashi daga teburinsa sai ya kulle allo. Ko ruwa zai sha sai ya kulle. Mutane suka fara gunaguni. Wata dattijuwar sakatariya ta daina amsa gaisuwarsa. A wani renyo direkta ya ɗauko maganar, da murmushi, yadda manya ke yanka mutum ba jini.

"Mushe Saini, nan gida ɗaya muke. Wa ke kulle ɗakinsa don zai fita tsakar gida? Ko ɓarayi ka ɗauke mu?"

Saini ya ce, "Ranka ya daɗe, ba don ɓarawo ake rufe rijiya ba."

Aka yi dariya. Wani ya ce to mu yara ne ke nan. Direkta ya ce shi dai ya faɗi nasa, zaman tare ya fi inji.

Ina wurin. Da kunnena na ji. Mutumin da zai yi gardama da kai a kan waƙafi har la'asar, ranar nan ya yi shiru. Ku ce masa jahili, zai yi dariya ya kawo hujja. Amma a ce yana zargin abokan cin tuwonsa da sata, wannan ta soke shi. Daga ranar ya daina kullewa. Na ce masa ya yi kuskure. Ya ce, "Bagobira, da mutane nake zaune, ba da serber ba."

Ana nan sai wata rana da zafi, ya tafi azahar a ɗan masallacin da ke bayan cibiyar. Daga can ya tsaya cin dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan, wurin matar da muke saye. Ni ina biro ɗina, ƙofata a buɗe saboda iska.

Wani abokin aikinmu, babba ne ba yaro ba, yana da baƙi da yamma kuma injinsa ya ƙi tashi. Ya zauna a teburin Saini zai juye wani bidiyo. Inji ya ce masa ba wuri. Mutumin ya taɓa zama a darasin Saini sau ɗaya ko biyu, ya tsinci ƴan kalmomi. Hausawa sun gama magana da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya ga baƙar taga a buɗe, ya ga jerin manyan fayil na sauti, ya ɗauka kwafe-kwafe ne Saini ya cika injin teburinsa da su. Ya duba wayarsa ya samo umarnin gogewa. Ya buga.

Bai san wa ke bayan tagar ba.

Sunaye suka fara gudu a allo. Sunayen ƙauyuka, sunayen tsofaffi. Nan ya gane ba kwafi yake gogewa ba, uwar ajiyar ce. Ya firgita. Ya rufe tagar. Ya kife murfin injin. Ya tashi ya tafi, a ransa ya tsayar da abin.

Ni abin da na gani da idona: na gan shi zaune, waya a hannun hagu, yana buga rubutu da yatsa ɗaya. Na ji ƙarar kife murfi. Ya wuce ta ƙofata gumi na zuba, bai ko dube ni ba. Na ɗauka zafi ne. Sauran bayanin daga bakinsa ya fito, Saini ya maimaita mini, domin a yammacin ranar ya tare Saini a wajen ajiye motoci yana rantsuwa: "Wallahi nan take na rufe shi."

Ya rufe taga. Ma'aikaci yana can ɗakin kilim yana cika umarni, fayil bayan fayil, ba gajiya ba tambaya.

Da ya bar tagar a buɗe ya danna maɓalli biyu, da abin ya tsaya. Bai sani ba, na yarda. To da ya taka zuwa masallaci, ga shi nan bayan katanga, ya ce Saini zo na yi ɓarna. Da ya leƙo ƙofata ma ya ce Hajiya taimaka, ni da ba injiniya ba na san maɓallan nan biyu, Saini ya koya mini. Kunya ta hana shi. Kafin Saini ya wanke hannu ya dawo, mafi yawan aikin shekaru ya tafi.

Za ku ce ina kwafin ajiya na biyu? Faifan da ake yin sa a kai ya mutu tun kafin nan. Saini ya nemi a sauya shi har ya gaji. Kullum amsar ita ce takarda tana bin hanya.

Ya yi iya yinsa ya ceto abin da zai cetu. Wasu kasa-kaset suna nan, aka sake juyewa. Wasu an riga an mayar wa iyalansu a ƙauye. Wasu zafi ya cinye su, juyewar farko ita ce ta ƙarshe. A cikin waɗanda suka tafi akwai wata tsohuwa daga wajen Madarunfa tana waƙar daka, tana yi tana tsayawa ta zagi jikarta da ta bar kaji suna cin hatsi. Muryarta sak ta kakata. Na rubuta rabin waƙar na ce gobe in ƙarasa. Rabin nan shi ne abin da ya rage mata a duniya.

Aka kafa kwamiti. Na shiga na faɗi abin da na gani, da suna. Mutumin ya ce shi fanka kawai ya zauna sha a teburin. Aka juya ga Saini. Ina jira ya buɗe baki ya faɗi abin da aka gaya masa a wajen motoci. Sai ya ce, "Da sunana aka shiga serber. Ni na bar allo a buɗe."

Shi ke nan abin da ya ce.

Ashe mutumin ya kama ƙafarsa, ga iyali, ga ritaya ta kusa, kuma Saini ya ba shi kalma. Ni aka bari a tsaye kamar mai sharri. Wani ɗan kwamitin har ya ce mini, "Hajiya, mai abu ya amsa laifinsa, ke mene ne naki?"

Suka rubuta sakaci. Sakacin me? Barin allo a buɗe. Wa ya sa hannu a ƙasan takardar? Wanda ya tambaye shi a gaban jama'a ko ɓarayi ya ɗauke mu. Kun tilasta wa mutum ya cire murfin rijiya, akuya ta faɗa, kun kama shi da laifin barin rijiya a buɗe. Na karanta littattafai da yawa a kan zalunci, na manyan sarakuna da na ƙananan ma'aikata, amma ban taɓa ganin wanda aka yi da ladabi da murmushi irin wannan ba.

Ba su kore shi ba, mu ai ba ma kora. Kwantiraginsa ya ƙare aka gode masa. Magana kuwa ta riga shi fita gari: Saini ne ya goge muryoyin kakanni. Duk inda ya nemi aiki sai a ce za a kira shi. Injiniyan da ya fi kowa sanin aikinsa a cikinmu ya koma ya kama shago a Harobanda, ya jera tsofaffin injuna yana koyar da ɗalibai.

Har da shi nake fushi, ku sani. Na yi watanni ba na ɗaukar wayarsa. Shi kuwa bai fasa kira ba. In na ƙi ɗauka sai ya turo saƙo: "Gobirawa an ci yaƙi an gudu."

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne. Na haye gada na same shi a shagon, ana tsakiyar darasi. Ya zana taga a allo da wani ɗan mutum mai ƙaton kai a bayanta. A bango ya rubuta da manyan baƙaƙe: IN KA TASHI, KA KULLE. Ya nuna ni ya ce wa ɗalibansa, "Ga wadda ta fi ku taurin kai, kuma ta gane. Saboda haka ba ku da hujja."

Da suka watse ya sa aka kawo shayi. Ya rame, amma bakin yana nan. Na ce masa na gaji, zan rubuta abin da ya faru da sunan mutumin, kowa ya karanta.

"Ke dai da yaƙi aka haife ki."

Na ce shi kuma da taurin kai za a binne shi. Allah ya yafe mini wannan kalma, wasa nake.

Ya ce, "Mariyama." Da na ji sunana na san alfarma ce ke tafe. "Mutumin nan tun ranar bai ƙara kallon idona ba. In ya hango ni a kasuwa sai ya sauya layi. Ni ina barci, shi fa? Labarin ki ba da shi in kin ga dama, darasi ne, ni ma ina ba ɗalibaina. Sunan ne ban yarda ba. Na ba da kalma, kada ki mayar da ni maƙaryaci."

Na ce, "Hauwa ta sani?" Hauwa ita ce matarsa.

"Na gaya mata ni na bar ƙofa a buɗe. Ai gaskiya ce."

"Rabin gaskiya."

"Rabin da yake nawa. Ɗaya rabin mai shi ne zai kawo."

Na yi masa alkawari, ina harararsa. Ya raka ni bakin gudiro, wato kwalta, ya tsayar mini da taksi. Abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne, "Ki gai da mutanen tsallake. Kuma har yanzu ina jiran amsar nan a kan Zabarmawa."

Yau bayan an dawo daga maƙabarta, muna zaune cikin mata, sai aka ce ga mutanen tsohon wurin aikinsa sun zo gai da iyali. Suka tsaya a bakin labule, su da yawa, manyan riguna, ana fonda tilas, gaisuwar ta'aziyyar Zabarmawa, ana Allah ya jiƙansa. Wanda ya rufe tagar yana cikinsu. Direkta ya gyara murya ya ce:

"Madam, sai haƙuri. Kuma muna so ki sani, abin da ya faru tsakaninsa da cibiya, mun yafe masa duniya da lahira."

Mun yafe masa.

Hauwa ta fashe da kuka ta ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Tun safe nake tsoron kada ya tafi da haƙƙin mutane a wuyansa."

Ta gode musu. Matar da ta ga mijinta ya sauko daga injiniya zuwa shago, ta jure maganar maƙwabta, tana godiya ga waɗanda suka yi masa haka, don sun sauke masa kayan da ba nasa ba.

Na yunƙura zan tashi. Wata tsohuwa Bazabarma da ke gefena, ban ma san ta ba, ta riƙe mini zane ta ce a hankali, "Kala suuru, sai haƙuri, ƴata. Ba a nan ba." Ta yi gaskiya. Gidan makoki ba kasuwa ba ne. Na zauna ina kallon ƙafafunsu ta ƙarƙashin labule har suka juya. Na san takalmin da nake kallo. Shi ya fara fita.

Yafe wa mamaci al'adarmu ce mai kyau, addini ne ma. Amma yafiya tana da mai ita. Wanda aka cuta shi ke yafewa. In wanda ya yi cutar ya riga ka cewa na yafe, ya sake cutar ka ne, kuma wannan karon ba ka da bakin amsawa.

Bayan la'asar mutane suka ragu. Na bi Hauwa ɗakinta na rufe ƙofa. Na ba ta labarin tun daga renyon kulle allo har zuwa wajen motoci. Na yi mata bayanin taga da ma'aikaci yadda ya yi mini. Ashe ta sani. Ta ce, "Ai ni ma ya ishe ni da shi. In na aiki yaro ya yi shirme sai ya ce laifin mai umarni ne."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da ta natsu ta ce, "Yaya, ke nan ba shi ya goge ba."

Na ce ba shi ba ne.

"Kuma ya san wanda ya yi."

Na ce ya sani.

Ta daɗe tana kallon hularsa da ke rataye a ƙusa. Ta ce, "Shekara da shekaru ina lallashinsa a kan laifin da bai yi ba, yana karɓa. Ina ce masa kowa na kuskure. Ashe kallona kawai yake." Sai ta juyo. "Wane ne?"

Na ce na yi masa alkawari.

Na zaci za ta matsa. Da ta matsa, ban san yadda zan yi ba, domin ta fi ni haƙƙi a kan maganar. Ba ta matsa ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce:

"To kada ki karya masa. Amma ki gaya wa mutumin ina gida. Takaba zan shiga, ba inda za ni. Ba zan yi masa ihu ba, ba zan gaya wa kowa ba. So nake in ji daga bakinsa, sannan ya faɗa wa ƴaƴan Saini ubansu bai ɓata aikin kowa ba. Ƙofa a buɗe take."

To ga saƙo na isar.

Kai da ka rufe tagar, na san kana karanta abin da nake rubutawa, ka taɓa danna mini alamar yabo a hoton jikata. Ban faɗi sunanka ba kuma ba zan faɗa ba. Masu tambayata ta saƙo su huta, masu zato a ƙasan rubutun nan kuma zan goge zatonsu. Amma kai ka fi kowa sanin cewa kife murfi ba ya tsayar da komai. Wancan karon masallaci yana bayan katanga ba ka je ba. Wannan karon Kirkissoye ce, gada ɗaya za ka haye, kuma yau ka ga gidan.

Ranka ya daɗe direkta, kai naka ba a ɓoye yake ba, a gaban ma'aikata duka ka yi shi. Yafiyar da ka kai ɗazu ka koma ka ɗauko abarka. In za ka sake zuwa, ka zo da roƙo.

Ku kuma ɗalibansa na Harobanda, kada ku bari a goge rubutun nan na bango. In wani ya ce muku kulle allo rashin yarda da mutane ne, ku ba shi labarin malaminku.

Saini, Bazabarme, ka tafi ba ka ji amsarka ba. Ga ta a gaban mutane yadda ka nema: a kan ka dai, kai ɗaya, na sallama.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Saini. Ka yafe masa kurakuransa na gaskiya, waɗanda kai ka sani. Ka sa asirin da ya rufa wa wani ya zame masa sutura ranar da asirai za su tonu. Ka haskaka kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi. Ka ba Hauwa da yaranta haƙuri da mai tsaya musu. Wanda ake jira kuma ka ba shi ƙarfin ƙafa. Ni ma ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu tana tafasa.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ya san shi ko bai san shi ba, ina roƙonsa ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu, ya sa iyalinsa cikin addu'a. Allah ya kyautata namu ƙarshen.